Mota Ma Tana Numfashi

Zuwa ga Edita,

Ga ni kuma na komo filina na kowane mako. Yau maganata da masu tsofaffin motoci ce, irin su Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, da sauran tsararrakinta da mutane ke ta lallaɓawa.

Kwanan baya na tashi daga Birnin Kebbi za ni Argungu, tafiyar wajen kilomita 50. Ban yi rabin hanya ba sai warin fetur ya ishe ni, na tsaya, na ga baƙin mai yana ɗiga ƙarƙashin inji. Ashe wani makanike ne ya ga tiyo biyu suna reto, ya haɗa su baki da baki, wai don kada ƙura ta shiga. Jama'a, ku ji aikin kowannensu.

Na fari na inji ne. Sa'ad da fetur ke ƙonewa, wani hayaƙi ya kan kuɓuce ta gefen fistan ya gangara inda baƙin mai ya ke. In bai sami mafita ba, sai ya taru ya ingiza mai ta kowace mahaɗa. A da, ƙasa a ke sakinsa. Daga 1961 aka fara, a Kalifoniya ta Amurka, mai da shi cikin inji ya sake ƙonewa. Sabo da haka mazaunin wannan tiyo shi ne gidan matatar iska, ko mashigar iska ƙarƙashin kafireto. In an toshe shi mai ya zube, in kuwa an bar shi buɗe ƙurar hunturu ta shiga ta cinye inji.

Na biyu na tanki ne. Fetur ya kan yi tururi, balle a zafinmu na watan Afrilu da kan wuce digiri 40. Daga 1971 motocin Amurka suka zo da gwangwanin gawayi mai tsotse tururin nan, ya ajiye har inji ya tashi ya ƙone shi. Motar da ke da gwangwanin, a kai tiyon gare shi. Wadda ba ta da shi kuwa, a ɗaga bakin tiyon sama, a waje, nesa da salansa.

To, in an haɗa biyun, inji ya rasa mashaƙa, tururin fetur ya tsinka baƙin mai, ga kuma tsoron gobara. Ni dai sai da na zubar da man duka na sake sabo.

Don haka, malamai da akawuna, kafin ku biya makanike, ku ce ya nuna muku inda kowane tiyo ya fito da inda ya nufa. Rigakafi ya fi magani. Haza wasalam.

Naku,
Tsohon Direba, Birnin Kebbi.