Kowa Ya Bar Gida, Gida Ya Bar Shi: Makomar Tsofaffin Gidajen Daura

Gabatarwa

Duk baƙon da ya sauka Daura, wurare biyu ake fara kai shi, wato fadar Sarki da rijiyar Kusugu. A bakin rijiyar za a ba shi labarin Bayajida da macijin nan da ake kira Sarki, da tsohuwa Ayana, da Magajiya Daurama. Daga nan sai a ɗebo masa ruwa ya sha, ya kama hanya yana ganin ya ga Daura. Abin da ba a cika nuna masa ba shi ne lungunan da ke bayan waɗannan wurare, inda gindin katangu ya zaizaye, azara ta leƙo daga rufin soro, zauren da a da almajirai ke cika shi ya koma makwancin awaki. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, garin da ake yi wa laƙabi da tushen Hausa ya tsare rijiyarsa da fadarsa, amma ya yi sakaci da gidajen talakawansa, alhali a cikinsu ne rabin tarihinsa yake ajiye.

Tarihin Fada da Tarihin Talaka

Tarihin sarautar Daura yana da masu tsaronsa. Lokacin da mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Isiyaku suka ci garin a wajajen 1805, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Zuriyarsa ta yi kusan shekara ɗari tana zaune a Zango da Ɓaure, har Turawa suka maido da Malam Musa daga Zango a farkon ƙarni na 20. Duk da wannan doguwar rabuwa da birnin, jerin sunayen sarakuna bai ɓace ba, domin akwai makaɗa da maroƙa da fadawa da malaman da suka riƙe shi a ka da kuma a takarda. Yau ɗan makaranta yana iya faɗin cewa Sarki Abdurrahman ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, Sarki Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007, sannan Sarki Faruk Umar Faruk ya hau karaga a 2007. M. G. Smith ma ya wallafa babban littafi a kan sarautar Daura da tsarin mulkinta a 1978.

Shi kuwa talaka ba shi da makaɗi, ba shi da maroƙi. Gidan da aka haife shi, aka binne cibiyarsa, shi ne kundin tarihinsa. A zauren gidan aka raɗa masa suna, a nan ya fara karatun allo, a nan za a yi zaman makokinsa. Dattijon da ya tsaya a tsakar gidansu yana iya nuna ɗakin da kakarsa ta zauna, ya faɗi garin da aka auro ta, ya nuna inda maƙerar kakansa take, ya ba da labarin shekarar yunwar da aka buɗe rumbun gidan aka ciyar da maƙwabta. Idan aka ɗauke shi aka kai shi sabuwar unguwa, akasarin wannan labari zai tafi da shi kabari, saboda babu abin da jikokinsa za su gani su tambaya. Haka kuma, a tsohon tsari da sunan gida ake kwatance: gidan maƙera, gidan wanzamai, gidan liman. Waɗannan sunaye taswira ce ta sana'o'i da zuriyoyin gari. Ranar da gidan ya faɗi aka jera shaguna a wurinsa, sunan yakan bi shi.

Abin da Ke Kayar da Gidajen

Mutane da dama sukan ɗora laifin a kan ƙasa, su ce ginin ƙasa ba ya ƙarko. Hasumiyar Gobarau da ke Katsina, da masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, sun isa su ƙaryata wannan zance. Magina na da sun san aikinsu. Sukan jera tubali, katanga ta yi kauri a gindi ta sirance a sama. Sukan yi rufi da azarar giginya wadda gara ba ta cika ci ba, su ɗaura bakan gizo idan ana son ɗaki mai faɗi, su kafa indararo don ya jefa ruwa nesa da bango. Sharaɗin ginin ƙasa ɗaya ne tak: a riƙa bin sa da yaɓe kafin kowace damina. Abin tambaya shi ne, me ya sa aka daina?

Dalili na farko shi ne gadon da ba a raba ba. Maigida ya rasu ya bar 'ya'ya goma sha, wasu suna Kano, wasu Kaduna, wasu Abuja ko Legas. Masu hali a cikinsu sun sayi filaye a bayan gari sun gina nasu. Tsohon gida ya zama na kowa, saboda haka ya zama ba na kowa ba, domin babu magajin da zai kashe kuɗinsa a kan ɗakin da bai san ko zai faɗo cikin rabonsa ba. Waɗanda aka bari a ciki galibi tsofaffi ne da zawarawa da marayu da 'yan haya, wato waɗanda ba su da ƙarfin gyara kuma ba su da ikon yanke shawara.

Dalili na biyu shi ne mutuwar sana'o'in da ginin ya dogara a kansu. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samun ta. Laso kuwa, wanda ake shafe rufi da shi don kada ya yi yoyo, haɗi ne na katsi daga marina, da gashin akuya daga majema, da dafara daga daji. Da marina suka ja baya saboda yadin kamfani, katsi ya yi wuya. Da gandun daji ya ƙare, giginya da ɗorawa suka yi ƙaranci. 'Ya'yan magina kuma suka koma aikin bulo da siminti, inda kuɗi yake.

Dalili na uku shi ne ruwa. Kududdufan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gina gari su ne kuma matattarar ruwan sama. A tsofaffin biranen Hausa an cike da yawansu da shara, an yanka filaye a kai. Ruwan da ya rasa masauki sai ya bi lungu ya kwanta a gindin katanga. Daɗin daɗawa, maƙwabci yakan ɗaga gininsa ya rufa kwano, ruwan kwanonsa ya riƙa zuba a kan bangon ƙasar da ke jikinsa. Wasu kuma sukan shafe bangon ƙasa da siminti da nufin kare shi, laima ta taru a ciki, wata rana simintin ya ɓallo da ƙasar gaba ɗaya.

Sabuwar Daura

Babu mai musun cewa Daura ta canza, musamman daga 2015 zuwa 2023, lokacin da ɗanta, marigayi Muhammadu Buhari, yake shugabancin Nijeriya. A 2019 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, aka buɗe asibitin sojan sama, aka kuma aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya. A 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara zai ratsa ta Daura. Waɗannan abin farin ciki ne ga ƙananan hukumomin masarautar guda biyar, wato Daura da Ɓaure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango. Sai dai irin waɗannan manyan ayyuka fili suke nema, fili kuwa a bayan gari yake. Ma'aikata da 'yan kasuwa da masu gina gidajen haya duk can suka nufa, cikin gari ya zama wurin da ake zuwa gaisuwar Sallah da ta'aziyya. Mutanen Daura ba sa buƙatar a gaya musu yadda gari yake zama kufai, tunda Tsohon Birni, inda tarihi ya ce magajiyoyin farko suka zauna kafin Daurama ta dawo da fada nan, yana kusa da su.

Asarar da Ake Yi

Babbar asara ita ce ta rai. Bangon da ya sha ruwan Agusta da dare yakan faɗi, lokacin da mutane ke barci, kuma masu rauni yake dannewa. Asara ta biyu ta harshe ce, kuma ita ta fi shafar malamin Hausa. Kalma tana rayuwa ne muddin abin da take nufi yana gaban mutane. Ɗalibin da ya tashi a gidan bulo mai falo da kicin zai haddace shigifa da turaka da zanko da ɗaurin guga don cin jarrabawa, amma ba zai iya nuna ko ɗaya ba. Karin magana ma takan mutu a tsaye. Yaron da bai taɓa ganin tsagar da damina ke yi wa katangar ƙasa ba, rabin ma'anar "sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga" kawai zai kama. Tatsuniya kuwa ta rasa dandalinta tun da kaka ta zauna a cikin gari, jikoki suka koma sabuwar unguwa.

Masu Ganin Akasin Haka

Akwai masu cewa wannan duk begen jiya ne. A ganinsu, wanda yake kwana a gidan siminti ba shi da bakin da zai ce talaka ya zauna a ɗakin da ke yoyo don a adana tarihi. Suna ƙarawa da cewa yaɓen shekara-shekara yana cin kuɗi, tsofaffin lunguna ba sa shigar mota ko da mara lafiya za a ɗauka. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma duk wanda ya yi watsi da ita bai yi adalci ba. Mutum ya fi gini daraja, ba kuma kowane kango ne ya cancanci a tsayar da shi ba. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ana iya sa wa tsohon gida harsashin dutse da magudanar ruwa da makewayi na zamani da wutar lantarki, a bar masa zaurensa da kaurin bangonsa, wanda ke riƙe sanyi da bazara ba tare da fanka ba. Tsohon garin Agadas a Jamhuriyar Nijar ginin ƙasa ne, mutane suna zaune a cikinsa, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Matsalar ma ba ta ƙasar Hausa kaɗai ba ce. A birnin Libaful na Ingila, hukuma ta daɗe tana sayen tsofaffin gidajen unguwar Granby tana toshe ƙofofinsu da nufin rushewa. 'Yan tsirarun da suka ƙi tashi suka riƙa share tituna, suna shuka furanni, suna yi wa kangaye fenti. A 2011 suka kafa ƙungiyar riƙon gidajen unguwa, aka gyara wasu gidajen, har aikin ya ci babbar lambar yabo ta Turner a 2015. Ita kanta hukumar birnin, a 2013 ta fara sayar da gidajen da aka ƙaurace wa a kan fam ɗaya, bisa sharaɗin mai saye ya gyara ya zauna a ciki. Darasin a nan shi ne, mazauna unguwa ne suka fara motsi kafin hukuma ta biyo baya.

Mafita

Da farko, ya kamata malamai da alƙalai su riƙa jan hankalin iyalai su raba gado da wuri. Inda ba a son a yanka gida, magada su naɗa wakili da ɗan asusun gyara, ko su mayar da zauren waƙafi don karatu. Na biyu, Majalisar Masarauta, ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni, tana iya yin rajistar tsofaffin gidaje a Kusugu da Sarkin Yara da Ubandawaki da sauran unguwanni, a fara tallafa wa waɗanda ke barazana ga rayuka kafin damina. Na uku, hukuma ta hana cike sauran kududdufai, ta gina magudanai a lunguna. Na huɗu, a nemo tsofaffin magina da suka rage, a haɗa su da ɗaliban fasahar gini tun suna da rai.

Malamin Hausa kuwa ba sai ya jira kowa ba. Wayar da ke aljihunsa tana ɗaukar hoto da murya. Yana iya kai ɗalibansa tsohon gida, da izinin masu shi, su zana fasalinsa, su rubuta sunan kowane sashe, su zauna gaban dattijo ko dattijuwar gidan su naɗi tarihin zuriyar. Darasi guda irin wannan ya haɗa al'ada da adabin baka da ƙa'idojin rubutu, ya kuma bar wa makaranta kundin da babu irinsa a kowane ɗakin karatu.

Kammalawa

Kusugu ta tsira ne saboda an ɗauke ta da daraja, an kewaye ta, an sa mai kula da ita. Gidajen da ke zagaye da ita ma kulawa suke nema, kuma tasu ba ta wuce yaɓe da magudana da sulhu tsakanin magada ba. Gidan da bai gyaru ba, aƙalla a rubuta labarinsa kafin a kawar da shi. Idan aka yi sakaci, nan gaba za a ci gaba da kai baƙo bakin rijiya a ba shi labarin Bayajida, amma ba za a sami wanda zai gaya masa su wa suka sha ruwanta a ƙarnonin da suka biyo baya ba.

Tambayoyi

1. Wane bambanci aka nuna tsakanin yadda ake adana tarihin fada da na talaka?
2. Kawo dalilai uku da ke haddasa lalacewar tsofaffin gidaje, tare da bayani.
3. Bayyana ma'anar waɗannan kalmomi: azara, makuba, laso, indararo, shigifa, zanko.
4. Ziyarci wani tsohon gida a garinku, ka rubuta tarihinsa cikin shafi biyu.