Ƙarfin Ɗan Wasan Rugby Daga Maris Zuwa Oktoba

Sharhinmu na yau a kan wasan rugby ne, irin wanda kowane ɓangare ke fitar da mutum 13. An faro shi a shekarar 1895 a garin Huddersfield na arewacin Ingila, lokacin da ƙungiyoyin yankin suka ɓalle saboda an hana su biyan leburorin ma'adinai da na masaƙu ladan aikin da suke rasawa ranar wasa. Yau a Ostareliya ya fi tashe, inda gasar NRL ke farawa a watan Maris, a buga wasan ƙarshe a birnin Sidni a farkon Oktoba.

Wanda bai taɓa kallo ba, ga yadda abin yake. Minti 80 ake yi. Ƙato mai nauyin fiye da kilo 100 zai rungumi ƙwallo ya sheƙo a guje, mutum biyu ko uku su tare shi da ƙirji su kai shi ƙasa. Daga nan masu tsaron gida su ja da baya mita 10, su sake tasowa. In an kayar da masu ƙwallo sau shida, sai su miƙa ta ga abokan karawa. Ɗan gaba ɗaya yakan yi irin wannan karo sau 30 ko 40 a wasa guda, kuma mako mai zuwa haka zai sake.

To, ina ƙarfin nan yake fitowa? Tun watan Nuwamba ake tara shi, lokacin da Ostareliya ke shiga tsananin zafi. Wata uku zuwa huɗu ana ɗaga ƙarfe, ana gudu, ana kokawa a kan tabarma, babu wasan gasa da zai katse horo. Kamar cika rumbu ne da kaka: da an shiga Maris, sai ɗiba.

Masu horarwa abu biyu suke aunawa. Na farko shi ne nauyin da mutum zai iya turawa sau ɗaya tak, yana kwance a kan benci ko yana tsugune da ƙarfe a kafaɗa. Na biyu zafin nama, wato saurin da zai fitar da ƙarfin nan cikin ƙiftawar ido. Shi wannan, ɗan wasa yakan tsaya a kan wani faranti mai na'ura, hannu a ƙugu, ya ɗan duƙa ya yi tsalle sama, kwamfuta ta nuna yadda ƙafafunsa suka doki ƙasa. Ɗan wasa zai iya cewa "garau nake, koci", amma farantin ya ce ba haka ba.

Daniel Baker, wanda ya daɗe yana kula da ƙarfin 'yan ƙungiyar Brisbane Broncos, ya wallafa wani bincike a 2001. Ya bi ƙwararrun 'yan wasa har makonni 29 na gasa, ya tarar ƙarfinsu bai ƙaru ba, bai kuma ragu ba. Matasa ɗalibai da ya gwada su ne nasu ya ɗan hau, domin jikinsu bai kai maƙura ba tukuna. Sai kuma Tim Gabbett, shi ma ɗan Ostareliya, wanda a 2005 ya duba waɗanda ba ƙwararru ba. Su kam sun inganta a farkon gasa, amma da aka doshi ƙarshe zafin namansu ya ragu, numfashi ya ragu, kitse ya ƙaru. A daidai lokacin ne horo ya yi ƙasa, wasanni suka yi zafi, raunuka suka yi yawa.

A ganina, abin da ya raba sakamakon biyu shi ne yadda ake tafiyar da tsakiyar mako. Bayan wasa tsokoki a farfashe suke. Tsallen ɗan wasa yakan ragu na kwana ɗaya ko biyu, alamun ɓarnar tsoka kuma sukan ɗauki kwanaki a cikin jini. Wani lokaci kwana biyar kacal ke tsakanin wasa da wasa. Koci mai tausayi sai ya ce a ajiye ƙarfe a huta, kuma nan ne ake tafka asara, don jikin da aka daina ɗora wa nauyi a hankali yake saki. Dabarar ƙwararru ita ce a rage yawa, a bar nauyi yadda yake: sau ɗaya ko biyu a mako, a ɗaga mai nauyi 'yan ƙalilan, a fita. Mai ciwon kafaɗa a ba shi aikin ƙafa, mai ciwon gwiwa ya yi na ƙirji.

Tsakiyar shekara ce ta fi wuya. A lokacin ake karawa sau uku tsakanin jihohin Queensland da New South Wales, gasar da ake kira State of Origin, wadda aka fara a 1980. Galibi ranar Laraba ake bugawa, kuma zaratan da suka fafata da daddare sukan koma wa ƙungiyoyinsu a ƙarshen makon nan. Shi ya sa wasu masu horarwa ke zaunar da tauraronsu, ko da 'yan kallo za su yi ta gunaguni cewa sun biya kuɗin tikiti don su gan shi. Ni dai ina bayan kocin. Maki biyu na cin wasa ɗaya a watan Yuli ba su kai darajar ƙafafun da za su iya fizga a watan Satumba ba, lokacin da ƙungiyoyi 8 da suka yi zarra ke shiga zagayen ƙarshe.