Oba-oba a kan mashin: ku saya, amma kada kowa ya sayi nasa shi kaɗai

1/ Maganar oba-oba ta fara yawa a bakin 'yan acaɓan yankinmu, daga Madadi, Getso, Lakwaya har zuwa Garo da Kabo. Ni ma ina bayan a saya. Amma yadda wasu ke shirin yi, kowa ya shiga Kano ya ɗauko nasa ya rataya a ƙugu, wallahi zai iya jawo wa mutum abin da ya fi ƙwacen mashin muni. Zaren yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri. 🧵

2/ Buƙatar dai gaskiya ce. Ka sauka daga titin Kano zuwa Gwarzo ka nausa cikin ƙauyuka, sabis sai ya ga dama. Kuma ba mu manta Satumban 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara gaba ɗaya, sannan ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Malumfashi da ke nan gaba da Dayi. Mai waya ta dubu ɗari da mai rakani-kashi duk suka zama ɗaya.

3/ Oba-oba ba ruwanta da layi, ba ruwanta da ƙarfen sabis, ba a sa mata kati. Ka danna sau ɗaya, duk wanda ke kan tasharka ya ji. Wanda fasinja ya ja shi wata hanya da bai yarda da ita ba, ko taya ta fashe masa bayan magariba, ba shi da lokacin neman lamba a waya.

4/ To ga inda gizo ke saƙar. Ku riƙa karanta sanarwar sojoji idan sun ce sun tarwatsa sansanin 'yan bindiga. Jerin kayan da aka ƙwato kusan kullum iri ɗaya ne: bindigogi, harsasai, babura, wayoyi, da rediyon Baofeng. Wato ita wannan na'urar da kake son saya, sunanta ya riga ya shiga jerin kayan ɓarayin daji. Yanzu ka hango saurayi a kan Boxer, fuska duk ƙura, da yamma, ya iso shingen jami'an tsaro a hanyar da ta yi iyaka da Katsina, ga eriya ta leƙo daga aljihunsa. Me zai ce? "Na sana'a ne, yallaɓai"? Wa zai shaide shi? Kalmar infoma idan ta hau kan mutum ba ta sauka da wuri, wani lokacin ma ba jami'i ne zai fara yanke hukuncin ba, mutanen gari ne.

5/ Kuma sana'ar gaba ɗaya ce ke cikin haɗari, ba mutum ɗaya ba. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, cikin 'yan kwanaki gwamnati ta hana acaɓa a birnin Kano. Dubban mutanen da ba su san hawa ba balle sauka suka rasa abin yi. Mu na karkara aka bar mu. Kada mu ba da ƙofa da hannunmu.

6/ Akwai doka ma. Iskar da rediyo ke bi ba ta kowa da kowa ba ce. Tun 1961 Najeriya ke da dokar Wireless Telegraphy Act, wadda ta ce sai da lasisi ake amfani da na'urar aika saƙo ta iska. Mai shago ba zai faɗa maka wannan ba, shi dai ya ga kuɗinsa.

7/ Shi ya sa na ce ƙungiya ce za ta saya. Shugabannin tasha su zauna, su je wa dagaci da hakimi, su kai takarda ofishin DPO, su nemi a nuna musu hanyar samun izinin mita da sunan ƙungiya. Kowace oba-oba a rubuta mata lamba a jiki, a buɗe littafi: lamba kaza tana hannun wane, mai mashin lamba kaza. A sa lambar a katin shaidarsa. Idan ta ɓata, a kai rahoto a ranar. Wanda aka tare a hanya yana da takardar nunawa da mutumin da za a kira. Na san za a ce wannan dogon turanci ne. Ya fi kwana a bayan kanta sauƙi dai.

8/ Wacce za a saya? Biyu suka fi yawa a kasuwa: Baofeng UV-5R da BF-888S. Samari sun fi son UV-5R saboda tana da allo da madannai, tana kama FM, tana da kwarjini. Matsalarta kenan. Tana aiki a VHF daga 136 zuwa 174 da UHF daga 400 zuwa sama, kuma kowa zai iya buga mitar da ya ga dama da yatsa. Yaro mai ƙiriniya sai ya faɗa kan mitar da ba tasa ba, ya jawo wa tasha duka.

9/ BF-888S ba allo, ba madannai, tashoshi 16 kawai, sai da kwamfuta ake saita ta. Mutum ɗaya ya saita duka a kan mitar da aka ba ku, shi ke nan. Ta fi araha kuma. Rauninta, UHF ce zalla, ita kuwa UHF ta fi jin daɗin cikin gari. A fili da gonaki VHF ta fi tafiya, musamman da damina idan dawa da gero sun kai kai, bishiyoyi sun cika ganye. Duk da haka ni 888S zan zaɓa wa tasha. Na yarda a rasa ɗan nisa a samu tsari.

10/ Batun nisa, kada ku yarda da abin da ke jikin kwali. Irin wannan sigina kusan kamar gani take: tudu, gini, kurmi, duk suna tare ta. Daga hannu zuwa hannu a ƙasa, ka sa ran kilomita ɗaya zuwa uku, in fili ya buɗe ta ɗan ƙara. Tsayin eriya ya fi yawan wat tasiri. Guda ɗaya a ofishin tasha da eriya a saman dogon ƙarfe za ta ji mutanen da ba sa jin junansu, sai mai zama a ofis ya riƙa isar da saƙo.

11/ Wannan ku riƙe shi da kyau: ba sirri a oba-oba. Lambobin nan na CTCSS da ake ce muku na sirri ne, aikinsu kawai su hana ka jin surutun wasu. Ba sa hana wasu jin naka. Duk mai irin na'urar zai iya saurare, har wanda kuke gudu. Don haka babu "na ɗauko Alhaji daga kasuwa, ya sayar da shanu". Ba sunan fasinja, ba maganar kuɗi.

12/ Ɗaurawa. Riƙe ta a hannu kana tuƙi ganganci ne, hannu ɗaya na totur, ɗaya na kuloci, na ukun fa? Ana sayar da waya mai madannin magana da ake ɗaurewa a kan mashin. A sa shi gefen hagu kusa da hon, inda babban yatsa zai kai. Duka biyun nan soket iri ɗaya suke amfani da shi, mai baki biyu irin na Kenwood, don haka kayan ba sa wuyar samu. Ita na'urar a rataye ta a ƙirji ko kafaɗa, eriya a tsaye, ba a kwance cikin jaka ba. A kashe VOX, abin nan da ke buɗe magana da kansa idan ya ji sauti. Iska da ƙarar salansa za su riƙe tashar, kowa ya kasa magana. Kuma kada a taɓa danna ta babu eriya, tana iya ƙonewa.

13/ Abin kunne da makirfo an yi su ne don cikin hular kwano. Mu kuwa tun 2009 da Road Safety suka matsa, har wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka, ba mu shirya da hula ba 😅. Babu hula, iska ce kawai za a ji. In oba-oba ce za ta sa a fara sawa, to ta biya kuɗinta. Su Cardo da Sena na bulutut da kuke gani a YouTube kuwa, na masu yawon shaƙatawa ne da ke tafiya a jere, kuɗinsu ma ba na ɗan acaɓa ba ne.

14/ Caji: kada a bari wani mai gyara ya jona ta kai tsaye da batirin mashin ba fiyus. Ƙaramin sola a ofishin tasha da batir na biyu ya wadatar. Ruwan sama kuma ba ta jure shi, leda ko 'yar jaka dole ne.

15/ In tasharku ta amince, bayan an gama da hukuma, ku fara da guda biyu kacal. Ɗaya ya tsaya a tasha, ɗaya ya bi hanyoyin da kuka fi zirga-zirga, yana kira duk bayan kilomita, ana rubuta inda murya ta yanke. A yi da rani, a sake yi a watan Agusta. Wanda ya riga ya gwada tsakanin Madadi da Gwarzo, don Allah ya ajiye mana sakamakon a ƙasa.