Ga Masu Shirya Finafinan Hausa: Ina Sunan Iya?

'Yan'uwa furodusoshi da daraktoci,

Daga Abuja nake rubuto muku, garin da kuke haɗuwa don bikin finafinai na Zuma, a yi jawabai, a raba kambuna. Yau ina so mu tsaya a kan matar da kuke kira ta fito a sin biyu ko uku: uwar jarumi, maƙwabciya, kishiya, mai ƙosai a bakin layi.

A 1976 Adamu Halilu ya ɗauki fim ɗin Shehu Umar daga littafin Abubakar Tafawa Balewa. Shekara da shekaru ana ganin ya salwanta, sai a 2016 Didi Cheeka da abokan aikinsa suka tsinci gwangwanayensa a wani tsohon ɗakin ajiyar finafinai a Legas. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka haska shi a bikin finafinai na Berlin na 2018. A jerin 'yan wasansa akwai Mairiga Aliyu da Harira Kachia. Ku tambayi yaran da ke riƙe muku kyamara yau ko sun taɓa jin waɗannan sunaye. Da ba a rubuta su ba, da ko wannan tambayar ba za mu iya yi ba.

A Nijar kuwa akwai Zalika Souley, wadda ta fara fim a 1966 da Moustapha Alassane tana da shekara 19. Ta fito a Le Wazzou polygame na Oumarou Ganda, fim ɗin da ya ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu a 1972. Sau da yawa muguwar mace ake ba ta ta taka, jama'a kuma suka kasa raba wasa da gaske, suka ɗora mata halin da ta nuna a majigi. Da harkar fim ta durƙushe a Nijar, ita ma ta durƙushe tare da ita, har ta kai ga fita waje aikatau. Ta rasu a Yamai a 2021. Allah Ya jiƙanta. Mun san wannan ne saboda mai shirya fim Rahmatou Keïta ta ɗauki kyamara ta je gidanta, ta bar ta ta faɗi labarinta da bakinta. In tauraruwa irin Zalika ta ƙare haka, ina ga wadda ba ta taɓa hawa fosta ba?

Ba ku manta ƙurar da ta tashi a 2022 ba, lokacin da dattijuwar 'yar wasa Hajiya Ladin Cima ta gaya wa BBC Hausa cewa naira dubu biyu zuwa dubu biyar ake sallamarta da su. Wasu daga cikinku sun musanta, wasu sun mara mata baya. Ni abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda gardamar ta zama ta fatar baki zalla, wannan ya ce ya ba, waccan ta ce ba ta gani ba. Takarda ɗaya mai sa hannu da ta kashe maganar. Don haka ku riƙa rubuta yarjejeniya ko da ta sin guda ce: nawa ne, yaushe za a biya, wa ke da alhakin kuɗin mota da abinci. A sallami dattijuwa ranar da ta gama aikinta, kafin ta ɗauki mayafinta.

Na taɓa zuwa wani lokeshan a gefen garin nan. Wata baiwar Allah da ta haife mu duka ta iso tun hantsi, ta zauna a kan benci har la'asar sakaliya tana jiran jaruma ta gama kwalliya. Da aka kira ta, sau ɗaya aka ɗauka, ta sa duk wanda ke wurin ya yi tsit. Da fim ɗin ya fito na tsaya har ƙarshen rubutu ina neman sunanta. "Iya" kawai na gani. Don Allah ku fara da sin ɗin manya da safe, su koma gida da wuri. Kuma a rubuta cikakken suna, a tambaye ta yadda take so a rubuta shi.

Sai maganar ajiya. Tun daga fim ɗin Turmin Danya na 1990, kaset nawa ne ƙura da raɓa suka cinye a shagunan Kano? Hukumar Finafinai ta Najeriya tana da ma'ajiya a Jos, kuma tun 2024 ɗanku Ali Nuhu ne ke shugabantar hukumar. Ku kai kwafin aikinku can tare da jerin duk wanda ya fito a ciki, ku matsa wa ƙungiyarku ta MOPPAN ta buɗe rajistar tsofaffin 'yan wasa.

Kowannenku ya san gidan wata da ta yi wasan kwaikwayo a gidajen talbijin na Kaduna ko Kano kafin zuwan bidiyo. Ku je da kyamara da ɗan abin gaisuwa, ku durƙusa ku gaishe ta. Ku tambaye ta wa ya fara kai ta gaban kyamara, me iyayenta suka ce, da su wa ta yi wasa, nawa aka fara ba ta. Idan ta ɗauko tsohon hoto daga ƙasan akwati, ku sa ta faɗi sunan duk wanda ke ciki, ɗaya bayan ɗaya, wani yana rubutawa.

Wassalam,
Ɗan'uwanku mai kallon aikinku, daga Abuja