Saƙon Da Ke Sa Zuciyar Mai Ciki Ƙara Girma

Uwargida, lokacin da kike da juna biyu jinin jikinki yana ƙaruwa da kusan rabi, kuma zuciya ce ke tura shi dare da rana. Dole ta ƙara ƙarfi. Sai dai ƙwayoyin naman zuciya ba sa yawan hayayyafa bayan an haifi mutum, don haka kowace ƙwaya kauri take ƙarawa.

Wa ke ba ta umarni? Wasu sinadarai ne na jiki masu sa girma. Ɗaya daga cikinsu, IGF-1, yana maƙalewa a bakin ƙwayar, kamar ɗan aike da ya tsaya a zaure ya miƙa saƙo. Daga nan saƙon ke bi hannu-hannu har ƙuryar ɗaki, inda ake ƙera sabon nama. Wani kuma, VEGF, shi ke shimfiɗa ƙananan hanyoyin jini domin naman da ya ƙaru ya samu abinci da iska.

Dab da haihuwa, mabiyiya takan saki wani sinadari da ke cafke VEGF kafin ya isa wurin aikinsa. Zuciyar yawancin mata tana jurewa. Amma a jikin mai hawan jinin ciki ko mai ɗauke da tagwaye, sinadarin ya fi yawa, kuma zuciya na iya raunana ta kasa tura jini yadda ya kamata. Arewacin Najeriya na cikin wuraren da wannan ciwon zuciya na jego ya fi yawa a duniya. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka zargi kunun kanwa da kwanciya a kan gadon wuta. Binciken baya-bayan nan ya fi nuna yatsa ga hawan jinin ciki da ƙarancin abinci mai gina jiki. Ni dai ba na sake wa mai jego mai kumburi kanwa, domin gishiri ce, tana tara ruwa a jiki.

Daga watan haihuwa zuwa wata 5 bayanta, ki lura: haki daga ɗan tafiya kaɗan, kasa kwanciya sai an jingina da matasai, tarin dare, kumburin ƙafa da ya ƙi sauka. Kada a ce miki gajiyar jego ce, a jira arba'in. Ki je asibiti ki nemi hoton zuciya. Mata da yawa suna warkewa idan aka fara magani da wuri, amma kafin wani cikin sai an sake duba zuciyar likita ya amince.