Kafin Faifan Samanja Ya Gama Ruɓewa



Duk lokacin da wani ya ɗora tsohon hoton Samanja ko na Ƙarƙuzu, sai ka ga an yi ca a ƙasansa: "Allah sarki da!", "Kai, zamani ya tafi." Daga nan kowa ya wuce abinsa. Ni a ganina wannan kewar ba ta wadatar ba, musamman gare mu da muke son a kira mu marubuta. Waɗannan tsofaffin shirye-shirye makaranta ce da muka bari tana rushewa alhali ba mu gama karatu a cikinta ba.

Yawancinmu ba mu riski lokacin ba. Mu nan 'Yankwashi, Kazaure, Roni, Gwiwa da Ɓaɓura, iyayenmu 'yan jihar Kano ne kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991, don haka CTV Kano, wadda yanzu ake kira ARTV, tasu ce. Wanda bai samu akwatin talabijin ba, ya samu Rediyon Kaduna. Ka tambayi dattijo a kasuwa labarin Kuliya Manta Sabo ko Samanja Mazan Fama, ka ga yadda zai gyara zama ya kwaikwayi murya da tafiya. Shekara talatin zuwa arba'in, amma mutumin yana nan daram a kansa. To mu tambayi kanmu: a cikin littafin da muka gama karantawa a WhatsApp watan jiya, wane tauraro za mu iya kwaikwayon maganarsa yau?

Abu na farko da suka fi mu shi ne murya. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a Nuwamban 2023, Banufe ne kuma tsohon soja. Hausar bariki da ya sa wa Samanja, mai gauraye da Turanci, daga rayuwarsa ya ɗebo ta. Ko ka rufe ido, da ya buɗe baki ka san shi ne. Haka marigayi Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, ya yi a Karambana. Mu kuwa sai ka karanta babi biyar, Hajiya da 'yar aiki da direba da malamin jami'a duk harshensu ɗaya, wato harshen marubuciyar. In aka goge sunayen, ba mai gane wa ke magana.

Abu na biyu, ba su ji kunyar talaka ba. Taurarinsu su ne wanzami, ɗan dako, mai unguwa, kurtu da matar gida mai faɗa da kishiya kan cefane. A yau kusan kowane labari sai an fara shi da matashi mai kamfani a Abuja, ya dawo daga Ingila, motoci reras a farfajiya. Ba na cewa haramun ne a rubuta mai kuɗi. Amma manomin da damina ta yaudara, da ɗan acaɓan da ke bin hanyar Kazaure zuwa Daura, da ɗalibar kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu da ke sayar da awara don ta biya kuɗin makaranta, su wa zai rubuta su in ba mu ba?

Abu na uku na ɗauko shi daga katun. Tom and Jerry, wanda William Hanna da Joseph Barbera suka fara a Amurka a 1940, kusan babu magana a cikinsa, amma yaron da bai san ko kalma ɗaya ta Turanci ba yana kallo yana tuntsira dariya. Dalili shi ne kowa ya san abin da magen take so, ya san abin da ya tare mata hanya. Haka littafin zane yake, irin su Sauna Jac da manyanmu ke tunawa: fili kaɗan ne, dole kowace kalma ta yi aiki. Mu da waya ta ba mu fili marar iyaka, sai mu ɓata shafi uku muna bayyana kalar leshi da turaren amarya, labari na tsaye cak.

Na san wani zai ce, ai waɗancan shirye-shiryen na gidajen gwamnati ne, cike da wa'azin biyan haraji da tsaftar muhalli, kuma muryar mata ba ta fito sosai ba. Wannan gaskiya ne, kuma a nan zamaninmu ya yi zarra, domin yau mata ne ke riƙe da kaso mai tsoka na rubutun Hausa. Ba komawa baya nake kira a yi ba. Amma ku lura, duk da saƙon gwamnati da aka ɗora musu, sun iya lulluɓe shi cikin raha har mutane suka riƙa barin hira don su kalla. Wannan gwaninta ce, kuma ana koyonta.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. An ɗauki shirye-shiryen a kan tsofaffin kaset, kaset kuwa ba ya jure zafi da ƙura. Abin da ake samu a YouTube gutsattsari ne. Waɗanda suka yi wasan suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka kalla ma suna bin bayansu.

Don haka ga shawarata a wannan mako. Kowa ya nemi tsohon shiri ɗaya ya kalla da biro a hannu, ya rubuta abin da ya sa tauraron ya bambanta da saura. Sannan ya zauna da baba, inna ko kawu, ya naɗi abin da suke tunawa a waya. Ƙungiyoyinmu na marubuta kuma su rubuta wa gidajen talabijin da rediyo takarda, a nemi su mayar da abin da ya rage zuwa kwamfuta. A ƙarshe, ka ɗauki babin da kake rubutawa, ka goge sunayen masu magana, ka ba abokinka ya karanta. In ya gane kowa da bakinsa, ka kama hanya.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka.