A Koyar Tukuna, Kana A Sake

Da tafkin Kainji ya cika a 1968, an tashi mutanenmu na bakin kogi a ƙasar Yawuri, aka ba su gidajen siminti. Da yawansu sai da suka ƙara ɗakin laka kafin zama ya yi daɗi.

Haka muka ga sha'anin kwamfuta. A 2012 Windows 8 ta kawar da maɓallin fara aiki, jama'a suka yi ta gunaguni har aka maido shi a 2013. Windows 11 kuwa ta matsar da shi tsakiya.

Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina kulawar da ya saba yi wa Windows 10, saboda haka ƙaura ta zama tilas. To, shugabanni, kada a sake wa akawu allo ana gobe biyan albashi. A koya masa tukuna.